Kujera takwas, mutum ɗaya: zare kan babbar mota da tsadar mai

1/
Jiya a majalisarmu aka zauna ana yi wa kawuna dariya a bayan idonsa. Laifinsa? Ya sayar da Highlander ɗinsa ya sayi Corolla. Wani har da cewa "ai Alhaji ya karye." Maganar ta tsaya min a wuya har gari ya waye. To yau sai na amayar da ita. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/
Bari in faɗi inda na dosa tun yanzu, kar a juya min magana a tsakiya. Ni ba na faɗa da babbar mota. Faɗana da kujerun da ake yawo da su a gari babu kowa a kai, ana ƙona musu fetur kullum, don kawai a ce wane ya isa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

3/
Mu tuna yadda aka faro. Ranar 29 ga Mayu 2023, a wajen rantsar da shi, Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin ranar, lita ba ta kai ₦200 ba a farashin gwamnati. Cikin kwana uku ta haura ₦500 a Kano da Abuja. A Yuli ta kai ₦617 a Abuja. Oktoba 2024 ta tsallake ₦1,000.

4/
Daga nan ta riƙa ɗan sauka tana ɗan hawa, amma kowa ya san litar ₦200 ta tafi ke nan. Don lissafi ya yi mana sauƙi zan riƙa amfani da ₦1,000 a wannan zaren. In a garinku ta fi haka ko ba ta kai ba, ka sa naka farashin. Amsar ba za ta yi nisa da tawa ba.

5/
Tankin tsohuwar Sienna yana ɗaukar lita 75 zuwa 79, gwargwadon shekararta. A da, da kamar ₦15,000 ka cika shi har ya yi tumbuɗi. A ₦1,000 kana buƙatar kusan ₦79,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuma ₦70,000 ne. Ka sake karanta wannan a hankali.

6/
Wato ful tanki ɗaya na motar iyali ya fi abin da ƙaramin ma'aikaci yake karɓa bayan ya yi wata guda yana zufa. A da, lokacin da mafi ƙarancin albashi yake ₦30,000, tankin nan rabin albashin yake ci. Yanzu ya cinye shi duka har yana neman ciko.

7/
Shi ya sa magana ta canja a wajen dillalan mota. Ka je ka tsaya minti talatin kawai ka saurara. Da, mai saye tambayarsa: kujerun fata ne? Rufinta yana buɗewa? Yanzu kafin ya buɗe ƙofa sai ka ji: "Malam, ya shan manta? Fulogi huɗu ce ko shida?" In aka ce shida, sai ya yi shiru ya matsa gaba.

8/
Abin da idona ya gani: ƙananan motoci masu fulogi huɗu ba sa jimawa a fili. Manyan kuwa sai su yi wata da watanni, ana wanke su kullum, rana tana cin fentinsu. Dillali zai rantse maka an taya jiya. Ka dawo bayan sati uku, tana nan inda ka bar ta, har taya ɗaya ta sace.

9/
Wani zai ce ai kuɗinsu bai sauka ba. Gaskiya ne, a lamba bai sauka ba, don naira ma ta faɗi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen ₦460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta wuce ₦1,500. Duk motar da aka shigo da ita dole ta yi tsada. Amma sa farashi daban, samun mai saye daban.

10/
Nan ne tarkon yake, musamman gare mu matasa. Za ka ga tsohon jif mai fulogi takwas an sa masa kuɗin da bai fi na ƙaramar mota mai lafiya ba. Zuciya ta ce maka dama ce, Allah ne ya kawo. Ɗan'uwa, tsaya ka tambayi kanka: me ya sa mai ita yake neman kai da ita haka?

11/
Ya gaji ne. Ya yi lissafin da kai ba ka yi ba tukuna. Kuɗin da ka miƙa wa dillali kafin alƙalami ne kawai. Sauran za ka riƙa biya duk sati a gidan mai har ranar da kai ma ka samu wanda za ka liƙa wa. Hausawa sun gama magana: araha ba ta ado.

12/
Kuma fa fetur kaɗai muke ta faɗa. Babbar mota tayarta ta fi tsada. Baƙin man da take sha a juyi ya fi yawa. Fulogi shida ko takwas za ka canja maimakon huɗu. In ƙafa ta lalace, bakanike zai kalli girman motar kafin ya kalli girman aikin. Duk mun san haka.

13/
Yanzu bari mu ɗan leƙa Amurka, don akwai dalili. Yawancin Sienna da Highlander da muke hawa daga can ake kwaso su bayan sun yi shekaru a hannu. A jihar Indiana ma ake ƙera su. An yi su ne don ƙasa mai manyan tituna da arahar mai. Kuma su ma can sun taɓa shan irin wannan marin.

14/
A Oktoba 1973 ƙasashen Larabawa masu mai suka hana Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin shekarar. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kamar dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Aka yi layi a gidajen mai irin wanda muka saba gani a nan.

15/
Amurkawa da suka saba da motoci kamar jirgin ruwa suka fara rububin ƙananan motocin Japan, irin su Corolla da Civic. A 1975 majalisarsu ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoni rage shan man motocinsu. Sai dai dokar ta fi sassauci ga ajin akori-kura, kuma cikin wannan ajin aka riƙa lissafa jif.

16/
Da mai ya yi araha, sai aka manta. Daga shekarun 1990 jif ya zama motar kai yara makaranta. Har Hummer, wadda asalinta motar soja ce, aka mai da ta motar zuwa kanti. Kowa yana son ya zauna sama ya leƙo na ƙasa. Wannan ciwon ba mu kaɗai ke da shi ba.

17/
Sai 2008 ta zo. A watan Yuli gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, galan ɗaya na fetur, wato kamar lita 3.8, ya wuce dala 4. A watan Mayun shekarar, akori-kurar Ford F-Series da ta daɗe tana kan gaba a ciniki ta faɗo, Civic da Corolla da Camry da Accord duk suka wuce ta.

18/
General Motors ya sanar da rufe masana'antu huɗu na manyan motoci. Ta garin Janesville da ke jihar Wisconsin, inda ake yin Tahoe da Suburban, ta daina yin su a Disamba 2008. A 2010 aka rufe Hummer gaba ɗaya. A lokacin ana ta cewa zamanin jif ya ƙare.

19/
Bai ƙare ba. Daga tsakiyar 2014 ɗanyen mai ya rikito daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016. Mutane suka koma gidan jiya da gudu. A 2018 Ford ya ce zai daina sayar da kusan duk ƙananan motocinsa a Arewacin Amurka, ya koma kan jif da akori-kura.

20/
Abin da nake so mu ɗauka daga can: mutum yana sayen motar da zai riƙe shekara biyar ko goma, amma da farashin man satin nan yake yanke hukunci. Mai ya hau, a gudu. Mai ya sauka da ɗan kaɗan, a dawo. Mu ma ranar da aka rage ₦50 a lita za ka ga an fara zagaya jif ana shafa shi.

21/
Bambancinmu da su: su kamfanoninsu sun gyara. Sienna daga ƙirar 2021 duk mai haɗa batir da fetur ce, shan manta ya ragu sosai. Mu kuma wadda aljihunmu ke kaiwa ita ce ta 2005 ko 2010, mai fulogi shida, wadda ta riga ta tsufa. Abin da suka gudar wa shi muke biyan kwastan mu shigo da shi.

22/
To mu dawo gida, don akwai gaskiyar da ba zan ɓoye ba. Mu mutane ne masu iyali. Gida mai mata biyu da yara tara ba abin mamaki ba ne a wajenmu. Ga Hajiya, ga ƙannai da ake riƙo, ga ɗan marigayi. Wanda zai ce wa irin wannan magidanci "ka koma Corolla" bai san gidan ba.

23/
Iyayenmu ma sun san haka. Fijo 504 mai tsawo, mai layin kujeru uku, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975, ita ce ta kai mu ƙauye sallah da biki da gaisuwar mutuwa. Amma ku tuna yadda take tafiya: cike maƙil, har da buhu a but.

24/
Bari mu yi lissafi, kowa ya ɗauko wayarsa. Kano zuwa Kaduna kamar kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. A ce tsohuwar Sienna tana shan lita 12 a kowane kilomita 100, Corolla kuma lita 8. Ƙiyasi ne, taka za ta iya fin haka ko ta gaza, gwargwadon lafiyar inji da ƙafar direba.

25/
Sienna: kamar lita 55, wato ₦55,000. Corolla: kamar lita 37, wato ₦37,000. Kallo ɗaya za ka ce Corolla ta ci. Amma in ku takwas ne, Corolla biyu za ku buƙata: ₦74,000, da direba biyu. Sienna ta kwashe ku da ₦55,000, kowane kai bai kai ₦7,000 ba.

26/
Kun gani? Babbar motar da ta cika ita ce mai araha. Shi ya sa har gobe Sharon da Sienna da Hiace suke cike da tashoshinmu. Direban haya bai damu da a ce ya isa ba. Shi kai yake ƙirgawa, kuma ba ya tashi sai kujera ta ƙarshe ta samu mai ita.

27/
Yanzu juya lissafin. Sienna ɗin nan dai, Kadunan nan dai, amma Alhaji shi kaɗai da wayarsa da gorar ruwa. ₦55,000 a kan kai ɗaya. Kujeru bakwai sun je Kaduna sun dawo ba su ɗauki kowa ba, kuma kowacce an biya mata kuɗin mai. Wannan shi ne abin da nake faɗa da shi.

28/
Na cikin gari ya fi ciwo, don shi kullum ne. A ce kilomita 30 kake yi a rana, kwana 26 a wata: 780 ke nan. A cunkoso, ga AC, a ce babbar tana shan lita 14, ƙaramar 9. Bambancin kamar lita 39 ne a wata. ₦39,000. A shekara ₦468,000.

29/
Dubu ɗari huɗu da sittin da takwas. Ka tambayi Mama abin da za ta yi da wannan kuɗin. Kuɗin makarantar yara ne. Buhunan abinci ne. Jarin ƙaramar sana'a ne ga ƙaninka da ke zaune. An mai da shi hayaƙi tsakanin gida da ofis don maigadi ya riƙa buɗe ƙofa da sauri.

30/
Na san amsoshin da za su zo, bari in tare su. Na ɗaya: "Hanyoyinmu ba su da kyau, dole sai mota mai tudu." In garinku da damina sai an ratsa rafi, na yarda, ka riƙe jif ɗinka da hannu biyu. Amma kai da zirga-zirgarka daga Zoo Road zuwa Bompai ce, wane rafi kake ratsawa?

31/
Na biyu: "Ai ina ɗaukar iyali." Sau nawa? Ka ƙirga da gaskiya, tsakaninka da Allah. A wata guda, kwana nawa layin baya ya ga mutum? In amsar ita ce ƙaramar sallah, babbar sallah da biki uku, to kana ciyar da mota kwana 365 saboda kwana biyar. Shatar bas a ranakun ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

32/
Na uku: "Kuɗina ne, ina ruwanka?" Wallahi babu ruwana. In Allah ya hore maka, ka hau abin da ranka yake so, Allah ya ƙara. Maganata da wanda bai da shi amma yake kwaikwayon mai shi. Wanda jif ɗinsa ke fake a ƙofar gida an lulluɓe, shi kuma ya zagaya ta lungu ya tari adaidaita.

33/
Kun san shi, kowace unguwa akwai. Man ₦5,000 yake sha, allurar ba ta ko motsawa, jan wuta a kunne tun bara. Ba ya kunna AC, gilas a rufe don kar a gane. A gida an rage cefane. Wannan ba rufin asiri ba ne. Girman kai ne, kuma an ce rawanin tsiya ne.

34/
Amma wa ya kai shi nan? Mu ne. Mu 'yan majalisa masu auna mutum da abin da ya faka. Kai da kake ce wa Baba "don Allah kar ka sayar, abokaina za su yi min dariya." Ke da kike cewa in ba jif ba kar ya tsaya a ƙofar gidanku. Mu da muke ɗaukar hoto jikin motar da ba mu taɓa sa wa lita ɗaya ba.

35/
A wajen ɗaurin aure, wa ake matsa wa a ba shi wuri a gaba? A kai amarya, wace mota ake cewa ta shiga gaba? Mun gina al'adar da mutum zai gwammace ya ci bashi da a gan shi a ƙaramar mota. Sannan in ya faɗi, mu ne farkon masu cewa "ai dama ƙarya yake."

36/
Daga sama ma ba a taimaka ba. A shekarar da aka ce talaka ya ɗaure ciki, a 2023 ɗin nan, aka yi ta cece-kuce kan sayen manyan jif ga 'yan Majalisar Tarayya, su 469, hujjar kuma wai hanyoyi ba su da kyau. Wanda ba daga aljihunsa man ke fita ba, tsadarsa labari ce a wajensa.

37/
Shi ya sa nake cewa tsadar mai ba ta kashe babbar mota a ƙasar nan ba. Mai hali yana nan yana saye. Wanda ta danne shi ne na tsakiya: malamin makaranta, ma'aikaci, ɗan kasuwa mai shago ɗaya, mai yara takwas da gaske yake buƙatar kujerun. Shi ya fi cancantar motar, shi kuma ta fi gagara.

38/
Irin wannan magidanci shawara yake buƙata, ba gori ba. In kujerun suna cika, ka riƙe motarka. Ka haɗa kai da maƙwabta: yaran gida uku a mota ɗaya zuwa makaranta, a raba kuɗin mai. Ka haɗa aike uku a fita ɗaya. Ka duba iskar taya, ka yi juyi a kan lokaci. Tafiyar kai kaɗai kuma a yi ta a babur ko a ƙaramar mota.

39/
Batun mai da mota ta koma amfani da iskar gas ta CNG, wanda gwamnati ta ƙara ƙaimi wajen turawa tun 2023: abu ne mai rage kuɗi, kuma mota mai shan mai da yawa ita ta fi cin riba. Amma tukunyar tana cin wuri a baya, kuma sai ka tabbata akwai inda za ka sha a kusa. Kar ka bari mai walda na bakin titi ya haɗa maka. Rai ne.

40/
Ga mai shirin sayen motar farko, tambaya uku kafin ka biya. Kujera nawa za su cika a ranar Talata ta yau da kullum, ba ranar sallah ba? Kilomita nawa kake yi a wata, lita nawa ke nan? In lita ta ƙaru da rabin kuɗinta gobe, za ka iya ci gaba da tuƙa ta ba tare da an taɓa tukunyar gida ba?

41/
In amsa ta uku ta sa ka yi jim, to ka samu amsarka. Kar ka ji kunyar dillali, shi la'adarsa yake nema. Kar ka ji kunyar abokai, ranar da ta tsaya maka a titi babu mai, ba za ka ga ko ɗaya ba sai a waya, yana cewa "kai, Allah ya kyauta."

42/
Mu koma kan kawu. Yaransa manya sun yi aure, biyu suna jami'a a wani gari. Gidan ya rage shi da Inna da autarsu. Mutum uku a mota mai kujera bakwai. Ya zauna da biro da takarda, ya ga abin da ke zurarewa duk wata, ya ce ya isa haka.

43/
Da na je gaishe shi na ɗan taɓo maganar, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, da motar nake yi wa aiki, yanzu ita take yi min." Kuɗin makarantar auta an biya tun kafin a koma. Ya je gaisuwa garinsu sau biyu a wata guda, abin da ya daina yi tun bara saboda tsoron gidan mai.

44/
Mutumin da aka ce ya karye ke nan. Wanda ya faɗi maganar kuwa, na san motarsa. Tana ƙofar gidansu tun kafin azumi, kaji har sun fara kwana a ƙarƙashinta. Ban faɗa a majalisa ba don ina ganin girmansa, kuma yanzu ma ban kama suna ba.

45/
Roƙona ɗaya ne. In ka ga babba ya sauka daga jif ya koma ƙaramar mota, ka ce masa Allah ya sa alheri, ka yi shiru. In ka ga Sienna cike da yara da goggonni har da kwano a cinya, ka ba ta hanya, tana aikinta. Mai jayayya da lissafina ya kawo nasa: motarsa, litarsa, da kujerun da suka cika a satin nan. Ina jira.